Inna, Bana Shanunki Sun Ƙetare

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Ɗiyarki ce, Dije. Na san masu sauraron waƙoƙina a waya za su karanta wannan takarda, to bismillah su karanta, amma da ke nake magana. Albishir na kawo miki, sai dai ki bar ni in faro daga baya, yadda kike faro waƙar maraƙa daga kakarta.

Har yau in na ce ni ɗiyar mai waƙar shanu ce ta rugar bayan Wara, tsofaffi sai su gyara zama. Ba su manta ba. Duk maraƙar da ta faɗo a garkenmu, kafin jikinta ya bushe kin yi mata baiti: sunanta, launinta, sunan uwarta, da halin da kika hango mata. Sai ki ɗora shi a ƙarshen doguwar waƙar nan da kika gada wurin kakarmu. Da ita kike tatsa, da ita kike kaɗa mai, da ita kike tallar nono a kasuwar Wara, har wanda ya zo sayen kifi ya tsinci kansa zaune yana shan fura.

Ina tuna ranar da aka kira ki taron makiyaya a Yelwa. Kin tsaya gaban manya da takalmin roba, aka miƙo miki lasifika, kika ture ta gefe kika ce, "Mai kiran saniya daga ƙetaren ruwa, mi za ta yi da wanga abu?" Fili ya ɗauki dariya, kina buɗe baki kuma ya yi tsit. A ranar wani ma'aikacin rediyo ya ɗauki muryarki. Daga nan aka yi ta kiranki biki da taro, Shanga, Ngaski, har Birnin Kebbi. Kina zuwa, kina burge su, kina ɗaure zanenki ki dawo, don ba ki yarda kowa ya tatsar miki Wule ba, farar goshin nan da ke jan garke.

Amma babban aikin waƙar ba a taro yake ba. In rani ya yi nisa, ciyawar tudu ta ƙone, ruwan tafki ya ja baya, tsibirin da ke gabanmu sai ya yi kore shar. Lokacin ne za a ɗora ƙananan maruƙa a jirgin Baba Audu, mutumin Gungawa da ke ƙetarar da mu. Ke ki zauna a bayan jirgin, fuskarki ga shanu, ki ɗaga murya. Wule ta faɗa ruwa, sauran su biyo ta, kowace ta ji baitinta ta ɗago hanci ta ƙara iyo. Ba sanda, ba igiya. Muryarki kawai.

Ni kuwa na ɗauki waƙar na shiga gari. Na haɗa ta da kiɗa, na yi bidiyo, aka san ni. Ran da na kunna miki waƙata ta farko, kin saurara har ƙarshe kina gyaɗa kai, sannan kika ce, "Da daɗi, ɗiyata. Amma ko akuya ba ta biyo ki." Na yi fushi sosai, Inna, ke kuma kika yi ta dariya har da hawaye.

Bayan rasuwarki garken ya yi ta shan rani a tudu, kan dusa da kara, har haƙarƙarinsu ya fito. Bara yayana Hamma Bello ya ce ya samo dabara. Ya nemo muryarki ta rediyon nan, ya kunna ta a lasifika daga jirgi. Wule ta ji ki, ta shiga ruwa da sauri. Ta iso jirgin, ta shinshina nan, ta shinshina can, ba ta same ki ba. Sai ta juya a tsakiyar ruwa, garke ya hargitse. Karsana guda ta tafi, ɗiyar Wule ta cikinta. Hamma ya rantse ba zai sake kallon dabba tana nutsewa ba. Ya ce in bana ba su ƙetare ba, zai kira dillalai ya sayar da garken, waƙarki ta zama ta saurare a waya kawai.

Ban yi masa gardama ba. Na ajiye bukukuwan da aka gayyace ni, na dawo ruga tun ruwa bai gama ja ba. Na yanke farce, na ɗauki ƙwarya. Matan ruga sun sha kallo, 'yar birni hannu duk ya yi kanta. Wule ta harbe ni, ta zubar da nonon, na tashi na koma. Ni ke ba su kanwa, ni ke cire musu kaska, ina rera waƙarki a ƙasan maƙoshi yadda kike yi, ba yadda nake yi gaban kyamara ba. 'Yan karsanan da aka haifa bayanki kuwa ba su da kunya ko kaɗan, har na laƙa musu sunayen tsiya: Ɓarauniyar Dusa, Mai Kunnen Ƙashi, Amarya Ba Gaisuwa. Kullum da su muke faɗa.

Ranar ƙetarawa da hantsi na zauna a wurin zamanki. Na fuskanci shanu, na ɗaga murya da waƙarki. Wule ta shiga ruwa. Ta iso jirgin, na miƙa mata hannu, ta shinshina, ta ci gaba da iyo.

Muna kaiwa tsakiya, inda tsohon kogin ke gudu a ƙasa, waƙarki ta ƙare. Na rera baitin maraƙar ƙarshe da kika gani da idonki, ba wani bayansa. Na duba, ga 'yan karsanan nan a baya sun fara karkata, don ba wanda ya kira su. Baba Audu ya daina tuƙi yana kallona. A nan take na ɗora. Na kira Ɓarauniyar Dusa da uwarta da kakarta, na faɗi halinta tsaf. Ta ɗago hanci. Na kira ta biyu, na kira ta uku. Shekarun da na yi ina tsara baiti a gari, ashe wannan ranar suke jira.

Duk sun fito, Inna. Ba wadda ta rage. Hamma ya juya baya wai yana gyara hula, hular da ba abin da ya same ta. Ni kuwa na tsaya cikin taɓo ina dube-dube a bakin gaɓa, ina so in ga fuskarki. Na yi kewarki ranar fiye da ranar da aka ɗauke ki.

Waƙarki ta ƙara tsawo, kuma za ta ci gaba da ƙaruwa muddin ina numfashi. Zan rera ta a taro, amma sai na gama tatsa. Kin ce ko akuya ba ta biyo ni. To ga garkenki can a tsibiri sun ƙoshi suna tuƙa, kuma ni suka biyo.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga ruwan da ba a jin ƙishi bayansa. Ya sada mu a inda ba sauran ƙetarawa.

Taki har kullum,
Dije