Ni Ce Akuyar da Ke Cinye Furannin Baba

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, ran akuya ne a hannuna.

Wata uku ke nan da na koyi rini da fure a waya. Sai ki shimfiɗa farin yadi a kan katako, ki jera fure da ganye, ki ninke, ki yi ta bugu da guduma har launi ya fito, da jijiyoyin ganyen da komai. Abin ya shiga raina. To, furannin da suka fi kama yadi na surukina ne, kuma gida ɗaya muke. Tun da ya yi ritaya ba shi da hira sai tasu, jikokinsa ma ba ya lallaɓa su haka. Da ɗaya-ɗaya na fara tsinka in ya fita miƙe ƙafa, yanzu bayan shukar ya zama ƙwal.

Baba ya ɗora laifin a kan akuyar maƙwabcinmu, wani tela mai haƙuri da suka shekara ashirin suna zumunci. An ɗaure akuya, fure bai daina ɓacewa ba, don ni ma na kasa dainawa. Gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu. Jiya matar telan ta gaya mini ranar Asabar za a kai akuyar wa mahauci don a zauna lafiya. Mijina kuwa tun da na gaya masa dariya yake yi har da riƙe ciki. Wallahi kunya kamar ta kashe ni. Ina zan sa kaina?

Mai Guduma

Ƙanwata Mai Guduma,

Na so in yi dariya, amma mijinki ya yi mai isar mu duka. Sha'awarki ba laifi ba ce, tsinkar a ɓoye ce laifi. Baba ma da gaskiyarsa, wanda ya yi wata da watanni yana ban ruwa dole ya ji zafi. Akuya ce kaɗai ba ta ji ba ba ta gani ba.

Yau ɗin nan ki fara shiga gidan tela ki dakatar da maganar mahauci. Sannan ki ɗauki yadin da ya fi kyau, ki durƙusa gaban Baba ki faɗi gaskiya, mijinki na gefe da bakinsa a rufe. Zai yi faɗa, ki yi shiru ki shanye. In ya huce, ki roƙe shi reshe ɗaya, ya koya miki dasa naki. Mai son shuka bai cika ƙin ɗalibi ba.

Abu mafi nauyi na Baba ne: dattijo zai taka da ƙafarsa ya ba maƙwabci haƙuri. Ke kika ɗora masa wannan, don haka kada ki bar shi ya je shi kaɗai.

Allah ya daidaita tsakaninsu, ya sa albarka a hannunki.