Kuɓewar Inna a Kan Sola

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Da fatan kowa lafiya.

Solar da ka kafa mana bisa soro ta daina yin caji. Firjin da muke ajiye allurar sugan Baba ya daina sanyi, dole muka koma ƙona fetur a janareto. Sai da na gama yi wa mai gyara faɗa sannan na hau da kaina. Ashe Inna ce ta shanya kuɓewa a kan gilasan, wai nan ne kaji ba sa kaiwa.

Na yi magana, ta ce ta riga sola fara shanya a soron nan. Don Allah ka kira ta, maganarka kaɗai take ji. Ka yi sauri, jiya ta yanka tumatir.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka Hadiza,
Ƙofar Durbi