Gawar Ƙanena Tana Jira a Gundumar da Babu Zango

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu da ke Paris.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jama'ar kasuwa.

Ni ce Rabi, yayar Sani, ina aikin jinya a Vénissieux, gefen Lyon. Ban so in yi maka magana a bainar jama'a ba, Baba Alhaji, amma na kira shagonka har na gaji, kullum sai a ce ka fita. Saboda haka ga maganata, kowa ya ji.

Na ɗaya. Kai ka ɗauko Sani daga aikin dako a kasuwar Rungis, ka ɗora masa jakunkuna da takalman fata, ka tura shi Amurka ya buɗe maka kasuwa. Mota ta buge shi a can, Allah ya karɓi abinsa. Ba na jayayya da ƙaddara. Amma hukumar gundumar da ya rasu ta sanar da mu cewa idan wani bai je ya karɓi gawar ba kafin ƙarshen watan nan, za su ƙone ta, don haka dokarsu take ga wanda ba shi da kowa. Ƙonewa fa, Alhaji! Yaron da ko a Rungis bai yarda sallah ta wuce shi ba.

Na biyu. Ranar da na zo Paris ina kuka, ka ce in kwantar da hankalina, kana da mutum a New York, za ka buga masa saƙon teleks ya leƙa, ya tambayi sarkin zango. Na yi godiya na dawo Lyon. Da shiru ya yi yawa, sai na tafi babban ɗakin karatu na sa aka fito mini da taswira da littattafai, na zauna a kansu. Wallahi jikina ya yi sanyi. Tsakanin New York da inda Sani yake kwance, kamar daga Zinder ne zuwa Paris. Wannan ba leƙawa ba ce, tafiya ce ta jirgin sama.

Kuma babu zango a wurin. Gunduma ce a gefen wani babban birni, teku ta yamma, duwatsu ta gabas. A da can gonakin lemo ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sare itatuwan aka shimfiɗa gidaje, jeri bayan jeri, har garuruwan suka haɗe, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Mutanenta sun fi na Lyon da kewayenta yawa, kuma galibinsu zuwa suka yi daga wasu wurare. Babu kasuwa guda da kowa ke haɗuwa, babu mai unguwa, babu dattijon da za a yi wa sallama a ce ina baƙon nan mai sayar da fata ya sauka. Kowa yana cikin motarsa da gilashi a rufe. A ƙasa Sani yake tafiya a bakin babban titi, da kaya a kafaɗa, kamar yadda ya saba a gida. Mu nan unguwar Minguettes da ake raina mu, har ana rushe mana benaye, idan baƙo ya faɗi a ƙofar bene kafin la'asar an san ɗan wane ne. Can ba haka ba ne. Ka tura yaro wurin da kai kanka ba ka taɓa duba shi a taswira ba.

Na uku. Na nemi biza an hana ni. Kai kuwa kana da ita a fasfo, kowa ya sani, domin kai da bakinka kake faɗa a wurin suna da ɗaurin aure.

Ga abin da nake roƙo, kuma durƙushe nake roƙonsa. Ka tashi da kanka ka je, ko ka tura wanda ya isa, cikin makon nan. Ban ce a kawo shi gida Zinder ba, na haƙura da wannan. Na ji akwai Musulmi a yankin, suna da masallaci. A nemo su, su yi masa wanka, su sallace shi, a sa shi a ƙasa yana fuskantar alƙibla. Kuma ka ɗauki wayata idan na kira, ko da babu labari mai daɗi.

Ba na barci, ba na iya cin abinci. Tsoro nake ji, Alhaji, ban taɓa jin irinsa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗa maka kasuwa, ya sa ranar da taka ta zo akwai hannuwan Musulmi kusa da kai. Na riga na sayi likkafani, na wanke na naɗe. Ka faɗa mini jirgin da za ka hau, in kawo maka likkafanin Paris da hannuna.

Wassalam.

'Yarka,
Rabi, daga Minguettes.