Igiya a Ƙafar 'Yarki

Illela, Jihar Sakkwato

Zuwa ga Gwaggo Tayyiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen Agadas. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan lafiya, maigidana Attahiru yana ta fama da kasuwa tsakanin nan da Ƙonni.

Gwaggo, maganar 'yarki ce, wadda kika yaye mini kika riƙe har ta shekara uku. Yanzu shekararta bakwai, makaranta biyu sun koro ta. Ba ta zama wuri ɗaya, in ta ji ƙarar babur sai ta fita da gudu ta je kallon taya. Watan jiya saura ƙiris wani ɗan acaɓa ya take ta a bakin titi. Da ƙyar na shawo kan babanta muka kai ta asibiti a Sakkwato.

Likitar ta ce tana zaton lalura biyu ce ta haɗu mata: galahanga, mai hana yaro mu'amala da mutane, da ciwon rashin natsuwa da kasa tattara hankali. Ta ce ɗaya na ɓoye ɗaya, ba za ta yanke hukunci ba sai ta ji yadda yarinyar take tun tana ƙarama. Ta tambaye ni ko tana waiwayowa in na kira sunanta. Gwaggo, 'yar fari ce, ni ban taɓa kiran sunanta ba. Ta tambaya ko tana kallon idon mutane. Na tuna yadda muke yabonta gidan biki, muna cewa ga yarinya mai kunya, ba ta ɗaga kai ta dubi babba. Ashe abin da muke yabo ciwo ne, abin da muke duka a kai ma ciwo ne. Wallahi na ji haushin kaina, na fito ina kuka kamar ba uwa ba.

Don Allah ki sa ɗanki Maharazu ya rubuto duk abin da kika tuna: yaushe ta fara magana, ko tana nuna abu da yatsa, ko tana wasa da yara. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ke kaɗai kika gani. Ki ba direban da ya kawo wannan wasiƙar amsar, don ranar ashirin ga wata za mu koma asibitin. Attahiru ya ce in aka dawo babu amsa, gidan mari zai kai ta, wai aljanu ne.

Kafin nan ina ɗaure ƙafarta da igiya a jikin turmi in zan yi girki. Kwanakin farko ta yi ta ihu. Yanzu da ta ga na ɗauko tukunya sai ta zo ta zauna ta miƙo mini ƙafar da kanta.

Ki gaishe da Baba Hamidu da Mu'minat. A sa mu a addu'a.

'Yarki,
Humaira