Inna Hauwa Ta Koma Zoɓo

Daren Laraba, unguwar Sa'alaba

Yau da na dawo daga aiki na tarar da Inna Hauwa, tsohuwar da muke ɗaki ɗaya, zaune a ƙofar gida da kular zoɓo har da ƙanƙara. Na tsaya baki buɗe.

Wata biyu tana kwance tana tari, ko kunun da take sayarwa ta daina. Sanyin bana ya zo da ruwa da iskar teku, ɗakinmu kuma yana yoyo. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a nan ƙasar Larabawa, balle a yi maganar asibiti. Sai citta da zuma, sai bargona da na ƙara mata. Har yadin likkafani na sayo na ɓoye a ƙarƙashin katifa, Allah Ya yafe mini.

Na ce, "Inna, wa ya ce ki fito?"

Ta ce, "Ke ba ki ji iska ta canja ba? Halas, shi ke nan, lokacin kunu ya wuce, yanzu zoɓo ake nema."

Kafin magariba ta sayar da shi tas. Wallahi ban taɓa ganin mai ƙarfin halinta ba.

Da muka shiga ɗaki ta miƙo mini yadin a ninke. "Na gani tuntuni, 'yata. Ki ɗinka mana labule, rana ta fara shigowa."