Ruwan Tafkinka Ya Yi Kore

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya ba ka ƙarfin aiki, ya haɗa ka da mutanen kirki a can. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma shago. Umma tana nan da ɗinkinta. Auta ya fara tafiya, yana bin bango yana jawo labule. Ɗakinka ni nake share shi, kuma ban taɓa komai ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san bakina nauyi gare shi, a takarda na fi iya magana.

Yaya, maganar tafkin kifin da ka haƙa a bayan gida ce ta sa na rubuto. Da za ka tafi ka ce in riƙa tsoma hannu har gwiwar hannu, in ina hango tafina to ruwa lafiya. Yanzu ko yatsuna na tsoma ba na ganinsu. Ruwan ya yi kore shar, gansakuka ta kama gefe, ga wari. Da safe kifayen suna tasowa sama suna buɗe baki. Ƙananan wasu sun mutu, na kwashe su. Babban nan da kake kira Direba yana nan, amma ya daina zagayen da yake yi.

Duk abin da ka koya mini ina yi. Na ɗaura rariya a jikin gora ina kwashe ganyen da ke faɗowa. Ina rage ruwan kaɗan in zuba sabo, ba na kwashewa duka, kamar yadda ka hana. In zan zuba sai in ɗaga bokitin sama don ruwan ya sha iska. Har lakar ƙasa na ɗebo. Sai ya fara washewa, washegari in tarar ya koma.

Daga baya na gano dalili. Tun tafiyarka Kaka ta hana a daina zuba maka abinci. Kullum sai Umma ta sa rabonka a kwanonka an rufe, wai gidan da aka daina zuba wa mutum abinci an cire shi ke nan. In ya huce, sai Kaka ta ɗauka ta lallaɓa bayan gida ta juye wa kifayen, da mai da komai. Abin da ba su ci ba sai ya nutse ya ruɓe. Da ta ga suna buɗe baki sai ta ce yunwa ce, ta koma ta ƙaro ƙanzo. Na yi ƙarfin hali na ce mata iska suke nema. Ta yi dariya har da tari, ta ce yau ta ji likitar kifi, ta tambaye ni ko mafici zan kawo musu. Ta ce ni da sai an kasa kunne ake jin muryata, yaushe na koyi yarensu. Na taɓa iske ta zaune a kan dutsen da kake zama, tana tambayar Direba ko a can ana ba mijinta abinci mai zafi. Sai na juya a hankali don kada ta gan ni.

Tela maƙwabcinmu ya yi wa Baba maganar warin, ya ce masu kawo ɗinki suna toshe hanci. Baba ya ce in ruwan bai gyaru ba zai sa a kawo yashi a cike ramin, kowa ya huta. Umma ta roƙe shi ya ɗan ƙara haƙuri. Ni dai bayan kicin na zagaya na yi kukana. In na zauna a wurin sai in ga kamar yanzu za ka fito da wandonka a naɗe, kana ce mini Shiru-shiru miƙo bokiti. Ba na so ka dawo ka tarar da fili.

Roƙona ɗaya ne. Ka kira waya ka nemi Kaka, don maganarka kaɗai take ji. Kada ka fara da zancen kifi, za ta ce ni na kai ƙararta. Ka fara gaya mata abin da ka ci ranar, ka ce ka ƙoshi, ka ce har ƙiba ka yi, ko da ba ka yi ba. In hankalinta ya kwanta a kan cikinka, ina ganin za ta bar kwanon, sauran aikin kuma zan iya.

Baba da Umma suna gaishe ka. Gwaggo ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Kaka ta ce a gaida mijinta mai gudun gida. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka mai kewarka,
Shiru-shiru