Takardar da Bulus Ya Karanta

Daren Laraba, Ƙofar Doka

Mutane na ɗauka duk mawaƙin da babban kamfani ya kira ya gama hayewa. Ni ma haka na ɗauka sai yau.

Tsofaffin ɗalibaina huɗu masu kiɗan rok a unguwar Kongo sun same ni a zaure bayan la'asar da takardun yarjejeniya biyu: ta babban kamfanin waƙa na Legas, da ta wani ƙarami a Kaduna. Na ce a karanta da ƙarfi, yadda muke yi a aji. Bulus mai ganga ya ɗauki ta Legas, har da kwaikwayon muryata, muna ta dariya. A shafi na uku ya tsaya. Kamfanin zai kawo nasa makaɗin a madadin Bulus.

"Ku sa hannu kawai, Malam shaida ne na yafe," in ji shi.

Sadiya mai waƙa ta fizge takardar. "To wa zan riƙa yi wa faɗan latti?" Ta tura masa ta Kaduna. "Karanta wannan, ban da muryar Malam."

Allah Ya yi wa yaran nan albarka. Takardar canjin wurin aikina na nan a aljihu tun makon jiya, ban nuna wa kowa ba. Na ce wa kaina: Malam, gobe kai ma gwada karanta ta da ƙarfi.